Daga ina sabuwar cuta ke fitowa, kuma yaya ta dabba ke kama mutum?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina kiwon tumaki a bayan garin Tahoua. Bana bayan ruwa ya sauka sosai, tumakina huɗu suka yi ɓari cikin mako guda. Yayana ya ce kada in taɓa abin da suka zubar, wai cutar na kama mutum. Gaskiya ne? Ita cutar da ba a san ta ba, daga ina take fitowa?

Amsa: Amin alaikumus salam, Malam. Allah ya mayar da alheri. Ka bi maganar yayanka.

Ƙwayar bairos ba ta iya hayayyafa sai cikin jikin mai rai. Wadda muke kira sabuwa, galibi ta daɗe a jikin jemage, tsuntsu, ɓera ko sauro, hanya ce kawai ba ta samu ba. Ruwa mai yawa, cunkoson bisashe a mashaya, fataucin dabbobi, su ke buɗe mata ƙofa.

Abin da ka kwatanta ya sa dole a tuna da zazzaɓin Rift, wanda aka fara ganewa a Kenya a 1931. Wani nau'in sauro ne, Aedes, ke riƙe da ƙwayar, har ta shiga cikin ƙwansa. Yakan nasa ƙwan a laka bakin tabki, tabkin ya ƙafe, ƙasa ta tsattsage, ƙwan na nan da rai shekara da shekaru. Ranar da ruwa ya sake rufe wurin sai ya ƙyanƙyashe, sauron ya taso da cutar tun bai ciji kowa ba. Ya ciji tunkiya, ƙwayar ta cika jininta, sauran sauraye su ɗiba su raba wa garke. Masu ciki kusan duka sukan yi ɓari, 'yan raguna kuwa tara cikin goma na iya mutuwa, alhali manya da yawa sukan tashi. Haka ta faru a 2016 a yankunan Tchintabaraden da Tassara na jihar Tahoua: bisashe suka yi ta ɓari, makiyaya suka kwanta, sai da aka kai jini cibiyar binciken cututtuka ta Pasteur da ke Dakar aka tabbatar.

Sauro na iya sa wa mutum, amma babbar hanyar ita ce hannu. Wanda ya tura hannu ya jawo ɗan tayi, da kaushi ko ɗan yanka a yatsa. Mahaucin da jini ya fantsamar masa a fuska wajen fiɗa. Mai shan madarar da ba a tafasa ba. Shi ya sa al'adar nan ta gaggauta sa wa dabba wuƙa kafin ta mutu, don kada a yi asarar nama, take tayar mana da hankali ƙwarai. Lokacin ne jininta ya fi cika da ƙwayar. Ba a taɓa tabbatar da cewa mutum ya sa wa mutum ita ba.

Yanzu ka sanar da ma'aikatan kiwo mafi kusa, su ɗebi jini, don akwai wasu cututtukan da ke sa ɓari, gwaji ne kaɗai ke rarrabewa. Ɗan tayi da mabiyiya, ka sa safar roba, in babu ka ninka leda biyu ka ɗaure a wuyan hannu, ka rufe hanci da baki, ka binne a rami mai zurfin da kare ba zai tone ba. Ka wanke hannu da sabulu, wurin kuma da ruwan jabel. Kada ka kai ko ɗaya kasuwa. A tafasa madara, a kwana cikin sange. Akwai allurar rigakafin dabbobi, amma kafin annoba ake yi. In an yi ana tsakiyarta, ana soka wa dabbobi da yawa allura guda, allurar ce za ta raba cutar.

A jikin mutum takan bayyana kwana 2 zuwa 6 bayan ɗauka: masassara, ciwon kai da na gaɓoɓi, kamar ta cizon sauro, abin da ke sa a ruɗe. Yawanci takan wuce cikin mako guda. Kaɗan ne take taɓa wa ido ko ƙwaƙwalwa, ko ta sa zubar jini, kuma rabin masu zubar jinin kan rasu. In wani a gidanka ya yi masassara, a kai shi asibiti, a faɗa wa likita cewa tumaki sun yi ɓari, kada a ba shi asfirin. Idan ido ya yi rawaya, gani ya dushe ko dasashi na jini, ko da dare ne a tafi.