An yi wa Baba aikin yanar ido, amma karatu ya gagara

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Wata biyu ke nan da aka yi wa mahaifina aikin yana a idon dama, aka sa masa ɗan gilashin roba. Yanzu yana zaune a ƙofar zaure yake shaida mai tahowa tun daga bakin rijiya, amma da ya buɗe Alƙur'aninsa sai baƙaƙen su cakuɗe. Abin yana ci masa rai. Ko aikin ne bai yi ba?
Daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, Jigawa

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Ka gaishe shi, ka ce masa aikin ya yi, tunda har yana hango mutum daga bakin rijiya.

Gilashin da aka fi sa wa mutane tazara ɗaya yake saitawa, kuma galibi nesa ake zaɓa, don mutum ya ga hanya da gonarsa. Ba ya lanƙwasa ya kamo abin da ke kusa kamar yadda idon yaro ke yi. Shi ya sa karatu, zura zare a allura da tsintar shinkafa suke buƙatar tabarau. Akan gwada tabarau bayan mako 4 zuwa 6 da yin aikin, ka ga lokacin Baba ya yi. Ka mayar da shi asibitin, ku tafi da Alƙur'anin nasa, a gwada shi a kan rubutun da ya saba. Ina jin zafin wannan ƙorafi, domin na sha ganin dattijon da ya haƙura da karatu alhali tabarau kaɗai ya rage masa.

Idan fitilar babur tana kashe masa ido da dare, yawanci yakan ragu a hankali. In kuma bayan watanni ko shekaru hazo ya dawo, ba yanar ce ta sake fitowa ba. Fatar da ke riƙe da gilashin ce ta yi dishi-dishi, kuma ana buɗe ta da hasken leza cikin 'yan mintuna, ba yanka.

Amma ciwo, jan ido ko raguwar gani farat ɗaya, wannan kada a kwana da shi.

Roƙona ɗaya: in idon hagu ya yi yana, kada a kai shi wurin masu tura ta cikin ido da tsinke. Sau da yawa idon ne ke tafiya gaba ɗaya.