Amsa: Me ya sa membobin mutuwal ke gunaguni bayan sun biya?

Malam, ka ce mutuwal ɗinku, wato ƙungiyarku ta inshorar lafiya a Tahoua, tana rasa membobi alhali kuɗin zubi bai ƙaru ba. Kafin komai, leƙa ɗakin magani.

Abin da ya fi ɓata wa mai kati rai shi ne ya bi layi tun safe a CSI (cibiyar kiwon lafiya ta yanki), majo (shugaban ma'aikatan jinyar wurin) ya duba shi, sannan a miƙo masa takarda a ce ya je farmasi ya saya. A ganinsa ya biya sau biyu. Tushen abin jinkirin biya ne: in mutuwal ta yi wata uku ba ta biya CSI ba, magani zai yanke, ma'aikata kuma su fara fifita mai tsabar kuɗi. Haka jinkirin biyan gwamnati ya raunana kulawar kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara 5 da aka fara a 2006.

Ku rubuta yarjejeniya da CSI: lissafi kowane ƙarshen wata, biya cikin kwana 30, da jerin magungunan da ba za su yanke ba, kamar na zazzaɓin cizon sauro, amoksisilin da parasetamol.

Sai bayani tun ranar rajista. Nawa ne kason da mutum zai cika daga aljihunsa? A Ruwanda ma, mai kati na biyan kashi 10 cikin 100 a asibiti. Ku faɗa masa ba a zuwa babban asibiti sai da takardar turawa.

Zubi kuwa a karɓa bayan girbin gero ko albasa.

In za ku ji ra'ayin membobin, ku bi su gida; gaban majo kowa "lafiya lau" zai ce.