Haƙoran gaba sun turo: me ake yi, kuma nawa zai ci?

'Yar'uwa, kin ce haƙoranki biyu na sama sun turo har leɓe ba ya rufuwa, kina neman gyara a nan Gombe. Fara zuwa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya a ɗauki hoto, a gane ko haƙoran ne kaɗai suka karkato, ko muƙamuƙi ne. In muƙamuƙi ne sosai, magana ta koma tiyata.

Mafi yawa waya ake sawa. A manna 'yan ƙananan ƙarafa a kan kowane haƙori, a ɗaure da siririyar waya, kusan duk wata ki koma a ƙara matsewa. Shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ake ɗauka, wani lokaci sai an cire haƙori biyu don a samu fili. Bayan an kwance dole ki riƙa kwana da robar riƙewa, in ba haka ba su koma gidan jiya. Kuɗin ya kai dubban ɗaruruwan naira. Ki tambaya ko za su karɓa kashi-kashi. Roba mai garai-garai da ake sawa a kan haƙora maimakon waya, irin Invisalign, ta fi tsada.

Kankare haƙori a lulluɓe shi da tangaran kuwa, ni ban ba ki shawara ba. Abin da aka kankare ba ya sake tsirowa.