Shin da gaske ne Fuluto ta bar hanyarta ta nufo mu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata ƙaramar sakandare. An turo wani bidiyo a zauren WhatsApp na iyayen yara, ana cewa dalilin da ya sa aka cire Fuluto daga jerin duniyoyi shi ne ta kauce daga hanyarta, ta taho ita da watanninta za ta faɗo mana, kuma masana sun sani suna ɓoyewa. Har an sa hotonta mai zanen zuciya, wai alama ce. Ɗalibaina sun tsorata, wata yarinya ta daina barcin kirki. Me zan gaya musu? Kuma mene ne ainihin abin da ke kan Fuluto da watanninta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalin yarinyar nan tun gobe da safe: Fuluto na nan kan hanyarta, kuma a yanzu ma nesa take ƙara yi da mu. Ta kai matuƙar kusancinta da rana a 1989, tana kimanin kilomita biliyan 4.4 daga gare ta. Tun lokacin take ja da baya, yau ta wuce kilomita biliyan 5, kuma haka za ta ci gaba har ta kai wajen biliyan 7.4 a farkon ƙarni mai zuwa kafin ta juyo. Zagaye ɗaya na ɗaukarta shekara 248. Mu kuwa tsakaninmu da rana kilomita miliyan 150 ne kacal.

Wannan jita-jitar ta ishe ni, domin kusan kullum sai an turo mini ita da sabuwar riga. Jiya sunanta Nibiru, wata duniyar ƙage da aka ce za ta faɗo mana, an sa mata ranar 21 ga Disamban 2012. Ranar ta zo ta wuce. Aka sake sa 23 ga Satumban 2017, ita ma ta wuce, babu wanda ya fito ya nemi gafarar mutanen da ya tayar wa hankali. Yanzu an liƙa wa Fuluto, saboda sunanta sananne ne kuma hotonta na da kyau a waya. Masu haɗa bidiyon nan masu kallo suke nema, da kuɗin talla. Wanda ya tura wa mutum hamsin ba tare da ya tambayi kowa ba, shi ma yana da nasa kason a kukan yarinyar nan.

Ki sa ɗalibai su yi lissafin da kansu. Kumbon New Horizons ya tashi ranar 19 ga Janairun 2006 da gudun da ya haura kilomita 58,000 a awa, amma sai da ya shekara tara da rabi kafin ya isa Fuluto, ranar 14 ga Yulin 2015. Saƙon rediyo daga can, da gudun haske, awa huɗu da rabi yake yi a hanya. To ta yaya dunƙule mai faɗin kilomita 2,377 zai ratso wannan tazara cikin 'yan makonni? Wane ƙarfi ne zai fizge shi? Kuma ko da a ce hakan ya faru, ba abu ne mai ɓoyuwa ba. Samaniya ba ofishin wata hukuma ba ce da za a kulle da kwaɗo. Dubban masu sha'awar taurari a Indiya, Chile, Afirka ta Kudu da ko'ina suna da na'urar hangen nesa a bayan gida, suna auna inda kowace duniya take. Abu mai girman nan da zai kusanto mu, tun da sauran shekaru za su gan shi, daga baya kuma kowa ya gan shi da idonsa.

Wasu masu ɗan karatu kan ce ai hanyar Fuluto ta ratsa ta Neftun, don haka wata rana za su yi karo ta fanɗaro. Gaskiya ne daga 1979 zuwa 1999 Fuluto ta fi Neftun kusa da rana. Amma a zanen takarda ne kawai hanyoyin suka haɗu. Ta Fuluto a karkace take da kusan digiri 17, kuma duk lokacin da Neftun ta yi zagaye uku, Fuluto biyu take yi daidai. Wannan daidaito ya sa duk sa'ad da Fuluto ta shigo ciki, Neftun na can wani ɓangare mai nisa. Ba sa kusantar juna ƙasa da kilomita biliyan biyu.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake jingina maganar da tashin ƙiyama, a sa karatu a ƙarƙashin bidiyon don kada kowa ya yi gardama. Sanin ranar nan na Allah ne Shi kaɗai, kuma duk ɗan Islamiyya ya san haka. Wanda ya sa mata rana da sunan kimiyya ya yi wa addini ƙarya, ya yi wa kimiyya ƙarya.

Abin da ya faru a 2006 kuwa, lokacin da aka cire Fuluto daga jerin duniyoyi, taro ne kawai. A 2005 an gano Eris, wata ƙaramar duniya mai nisa wadda ta ɗan fi Fuluto nauyi, sai ƙungiyar masana falaki ta duniya ta zauna a birnin Prague ta kafa sharuɗɗa, ciki har da cewa cikakkiyar duniya sai ta mamaye hanyarta ita kaɗai. Fuluto na zaune cikin taron ƙanƙararrun duwatsu na yankin Kuiper da ke bayan Neftun, sai aka mayar da ita rukunin ƙananan duniyoyi. Suna aka sauya. Da littattafan makarantu sun yi wa yara wannan bayanin da wuri, da masu bidiyo ba su sami ƙofa ba.

Yanzu ga abin da ya cancanci lokacin ajinki. Zuciyar nan gaskiya ce, kumbon New Horizons ya ɗauko ta lokacin da ya je kusa da Fuluto. Rabinta na yamma, Sputnik Planitia, fili ne mai faɗin kimanin kilomita 1,000, cike da ƙanƙarar iskar naitirojin. A sanyin da ya kai kusan digiri 230 ƙasa da sifili, iskar da ta fi yawa a numfashinmu daskarewa take yi. Idan kika ƙara girman hoton za ki ga filin ya rarrabu gida-gida, kowane mai faɗin kilomita goma zuwa arba'in, da ɗan kwari a tsakaninsu. Ɗumi kaɗan daga ƙasa ne ke turo ƙanƙarar sama ta tsakiya, ta huce, ta nutse ta gefe, kamar kunu na tafasa a tukunya, sai dai a hankali ƙwarai. Shi ya sa ba a ga ramin faɗowar dutse ko ɗaya a wurin ba, aka kuma ƙiyasta cewa fuskar filin ba ta kai shekara miliyan 10 ba. Ba wanda ya zaci samun irin wannan motsi a duniya ƙarama haka, wadda ba ta kai watanmu girma ba.

A bakin filin akwai tsaunuka masu tsayin kilomita uku zuwa sama, kuma da ƙanƙarar ruwa aka yi su, domin a can ruwa tauri yake kamar dutse. Wani jerin an raɗa masa sunan Al-Idrisi, masanin taswirar nan haifaffen Sabta da ya kammala littafinsa a Sisili a 1154. Ki nuna wa yara wannan, za su ji daɗi.

Watanni biyar ne. Babbansu Sharon, wanda James Christy ya gano a 1978, faɗinsa kilomita 1,212, rabin Fuluto ke nan. Girman nan ya sa cibiyar da suke zagayawa ta faɗo a sararin da ke tsakaninsu, kuma kullum fuska ɗaya suke nuna wa juna, suna kammala zagaye a kwana 6.4. Mai tsaye a ɓangaren Fuluto da ke kallon Sharon zai gan shi kafe a wuri ɗaya, ba fitowa ba faɗuwa; na ɗaya ɓangaren ba zai taɓa ganinsa ba. Arewacin Sharon ja ne: iskar metan da ke tserewa daga Fuluto ce ke daskarewa a can, hasken rana ya sauya ta. Ga kuma manyan kwazazzabai a tsakiyarsa, da ake zaton sun tsage ne lokacin da ruwan cikinsa ya daskare ya kumbura.

Sauran huɗun, Nix da Hydra a 2005, Kerberos a 2011, Styx a 2012, na'urar hangen nesa ta Hubble da ke sararin samaniya ce ta gano su. Ƙanana ne, babbansu bai wuce kilomita 50 da ɗoriya ba, kuma ba su tsaya da fuska ɗaya ba. Hydra kan juya kansa cikin kusan awa 10. Mafi yawan masana na ganin wani karo ne tun farkon samuwar Fuluto ya haifar da su duka.

Hotunan nan na shafin NASA, kyauta ne. Ki sauke na zuciyar da na Sharon, ki ba ɗalibai alƙaluman nisan su raba da gudun kumbon a allo, sannan ki tura sakamakon nasu zauren iyayen da bidiyon ya fito.