Amsa ga 'yar'uwar da aka ce tana da ƙarin filodis

Hajiya, sannu da jiki, Allah Ya ba ki lafiya. Kin ce an gano ƙarin da ke mamanki filodis ne, kina tambaya ko za a cire maman gaba ɗaya. Ina karantawa na ji kamar labarina kike bayarwa.

Nawa ya fara kamar dabino. Likitar da na fara gani a wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, a nan Jidda ta kalli hoton, ta ce irin ƙullutun nan ne na mata da ba ya cutarwa, ko gwajin ɗibar nama ba ta rubuta mini ba. Cikin wata huɗu ya kai girman lemo, fata ta miƙe tana sheƙi. Da na koma sai ta ce ai ni ce nake yawan taɓa shi, kuma har yau idan na tuna wannan magana raina yana ɓaci. Aka yi aiki aka zaro shi shi kaɗai, bayan wata tara ya dawo a kan tabon. Ranar da hannuna ya ji shi ina wanka, na zauna a ƙasa na daɗe ina kuka, ban iya gaya wa maigida ba sai bayan kwana biyu.

Likita na biyu ne ya zaunar da ni. Ya ce filodis bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin mama ba, kuma iri uku ne: mara illa, wanda shi ya fi yawa, da na tsaka-tsaki, da na sankara. Maganinsa tiyata ce, a cire shi tare da lafiyayyen naman da ke kewaye, sau da yawa kimanin santimita 1, wanda rashinsa ya jawo mini aiki na biyu. Cire mama duka yakan zo ne idan ƙarin ya yi girma ainun. Ni ba a taɓa hammatata ba, domin da wuya ya bi ta can, ba a kuma ba ni ƙwayoyin homon, irin waɗanda ake ba wasu masu sankarar mama, ba. Wasu masu na sankara akan ƙara musu da gashi na hasken na'ura, wato radiyoterafi.

Za ki ji masu cewa ki tsaya ga zamzam da habbatus sauda. Ki sha, ni ma na sha, amma kada ki ɗaga ranar aiki. Ki karɓi takardar sakamakon a hannunki, ki tambayi likita wane iri ne naki, kuma bayan aiki, shin gefen naman da aka cire ya fito da tsabta, babu ɓurɓushin ƙarin.