Bakina ya bushe tun da al'ada ta ɗauke: man tsirrai zai taimaka?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 54, kuma al'adata ta ɗauke kusan shekara uku ke nan. Tun daga nan bakina yake bushewa, har ina farkawa cikin dare harshena ya manne da ganda. Da yamma kan harshen yana yi mini raɗaɗi, dasashina kuma yana jini idan na goge baki. 'Yata ta kawo mini kwalbar ƙwayoyin mai, an rubuta sea buckthorn a jiki. Ina shan maganin hawan jini. In sha man ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da kike ji ciwo ne na gaske, kada kowa ya ce miki tsufa ne kawai. Sinadarin istirojin da ke raguwa bayan ɗaukewar al'ada, wadda yawanci take zuwa tsakanin shekara 45 zuwa 55, yana da aiki a fatar cikin baki da wuraren da ke samar da miyau. Idan ya ja baya, fatar takan yi siranta, miyau ya ragu. Mai lafiya yakan samar da rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a yini, kuma wannan miyan ne ke wanke haƙora, yana kashe kaifin tsamin da ke cinye su.

Man da 'yarki ta kawo, daga 'ya'yan wani icce mai ƙaya ake matso shi, wanda ke fitowa a Sin da Mongoliya da Rasha da arewacin Turai. Yana ɗauke da nau'in kitse da ake kira omega-7. A shekarar 2014 masu bincike a Finland suka buga sakamakon gwajin da suka yi wa matan da suka daina al'ada, inda aka ba su giram 3 a kullum na wata uku, aka kuma ga ɗan ci gaba a lafiyar fatar gabansu. Ki lura, gaba aka duba, ba baki ba. Gwaje-gwajen da aka yi kan baki ƙanana ne ƙwarai, ba su kai in ce miki magani ne ba. Haka lamarin yake ga wasu mayukan tsirrai, wato man evening primrose da man flax, waɗanda ake yawan tallata wa mata irinki. Kuma a ƙasashe da yawa, har da Amurka tun dokar 1994, ana sayar da irin waɗannan ƙwayoyin ba tare da an fara tabbatar da suna aiki ba.

Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarki shi ne maganin hawan jinin. Wasu daga cikinsu, musamman masu sa yawan fitsari, suna busar da baki, haka ma magungunan mura da ƙaiƙayi da na damuwa. Don Allah kada ki daina sha da kanki. Ki ɗauki fakitin ki kai wa likitanki, wataƙila ya canza miki wani. Ki roƙa a auna miki suga, da ƙarfin jini, da bitamin B12, domin yawan suga, ko ƙarancin jini, ko ƙarancin B12 kaɗai na iya sa harshe raɗaɗi. Idan idanunki ma suna bushewa kamar an zuba yashi, ki faɗa, akwai cutar Sjogren mai busar da ido da baki, wadda tara cikin goma na masu ita mata ne.

Jinin dasashi kuwa, babu man da zai cire dattin da ya daskare a gindin haƙori. Sai likitan haƙori ya kankare shi. Ina damuwa da wannan sosai, saboda ƙashin muƙamuƙi ma yana rauni a waɗannan shekarun, kuma ciwon dasashi da aka ƙyale shi ne ke sa haƙori girgiɗi.

Kafin nan, ki riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan, ki ajiye kofi kusa da gado. Ki tauna cingam marar suga, ki yi amfani da man goge baki mai fuloraid safe da dare, ki guji ruwan kuskurar baki mai barasa a ciki.

Idan gwaje-gwajen sun fito lafiya kuma likitanki ya amince, ba zan hana ki gwada man ba. Ki sha shi kaɗai, ba tare da haɗa shi da wani sabon abu ba, gwargwadon yadda aka rubuta a kwalbar, na wata uku. In babu canji, ki bari. Amma in kina shan asfirin ko wafarin ko wani mai tsinka jini, ko za a yi miki tiyata ko cire haƙori, sai kin sanar da likita tukuna, domin waɗannan mayukan na iya jinkirta daskarewar jini. Duk gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako biyu bai warke ba, a je a duba shi a makon nan, kada a jira wata ukun.