Amsa ga ɗan'uwan da hotunansa suka ɓace a Lightroom bayan ya kwashe folda

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka har sau biyu, gabana sai da ya faɗi, don alamar tambayar nan da ka gani a jikin folda ta taɓa hana ni barci. Ka ce faifan C na kwamfutarka ya cika, ka kwashe foldar hotunan biki na kwana uku, wajen hoto 2,000, daga kan Desktop ka mayar faifan waje, yanzu Lightroom Classic, manhajar da kake gyaran hoto da ita, na nuna alamar tambaya a kan foldar, kowane hoto da alamar motsin rai a kusurwarsa, Develop kuma, sashen gyara, yana cewa bai ga fayil ba. Ga amarya tana kira. Wani a nan ya ce ka sake Import, wani ya ce ka kai wa mai gyara ya sake maka Windows.

Don Allah kada ka yi ko ɗaya. Hotunanka suna nan, gyaranka ma yana nan, adireshi ne kawai ya canza.

Lightroom ba ya ajiye hoto a cikinsa. Abin da yake da shi fayil ne guda ɗaya mai ƙarewa da .lrcat, shi ne katalog, kamar littafin rajista: hoto kaza yana folda kaza, an ƙara masa haske kaza, an yanke shi nan, an ba shi tauraro uku. Kai ka kwashe foldar ta Windows, ba ta cikin Lightroom ba, don haka littafin yana nan yana nuna tsohon gida. Ƙananan hotunan da kake gani har yanzu a Library samfoti ne kawai, suna cikin wata folda mai ƙarewa da Previews.lrdata kusa da katalog ɗin, shi ya sa kake ganin hoto amma ba ka iya taɓa shi.

Kafin komai, rufe Lightroom, ka shiga Pictures, ka ga foldar Lightroom, ka kwafe ta gaba ɗayanta zuwa faifan wajen. Kwafi, ba yanka ba. In wani abu ya lalace a gaba kana da wurin komawa. Sai ka jona faifan, ka buɗe Lightroom, ka shiga Library, a hagu ƙarƙashin Folders ka yi dannan dama a kan foldar mai alamar tambaya, ka zaɓi Find Missing Folder, ka nuna masa inda take yanzu. In foldar tana da 'ya'ya a ciki, misali kamu, ɗaurin aure, dina, to uwar za ka nuna masa, 'ya'yan za su biyo ta da kansu muddin ba ka canza musu suna ba. In ba ka ga uwar a jerin ba, yi dannan dama a kan ɗaya daga cikin 'ya'yan ka zaɓi Show Parent Folder, za ta fito. Aikin minti biyu ne, wallahi.

In kuma ka warwatsa hotunan ne, wasu can wasu nan, sai ka danna alamar motsin ran da ke kan hoto ɗaya, ka zaɓi Locate, ka nemo shi da hannu. A ƙasan tagar akwai ɗan akwati mai suna Find nearby missing photos, ka tabbatar akwai alama a cikinsa, shi zai kamo sauran da ke folda ɗaya da wannan. Bayan ka gama, je Library a sama ka danna Find All Missing Photos ka ga nawa suka rage. Wanda ya canza wa fayil suna a Windows shi ne ke shan wahala, don dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Maganar sake Import kuwa, ga yadda take cin mutum. Za ka shiga Import ka tarar hotunan sun yi toka-toka, ba a iya zaɓarsu, saboda Lightroom ya san yana da su a rajista. Sai ranka ya ɓaci, ka koma ka yi Remove a kan foldar mai alamar tambaya don a samu hanya, ka shigo da su sabo fil. A wannan dannan Remove ɗin ne gyaran kwana da kwanaki ke tafiya: haske, launi, yanka, taurari, tarin da ka ware wa dangin ango da na amarya, duka. Hotunan za su dawo kamar yadda suka fito daga kyamara. Haka nan ka yi nesa da Synchronize Folder a yanzu, akwai wani zaɓi a cikinsa da ke cire hotunan da suka ɓace daga katalog, ɓarnarsu ɗaya.

In har ka riga ka yi hakan kafin ka karanta wannan, to a cikin foldar Lightroom akwai Backups, foldoji ne masu sunan kwanan wata da lokaci, kowace da fayil ɗin zip a ciki. Ɗauki na ƙarshe kafin ranar ɓarnar, ka warware shi a wata folda daban, ka danna .lrcat ɗin sau biyu. Abin da ka gyara bayan wannan ranar ne kawai za ka rasa. Wannan fa in kana barinsa ya yi ajiyar ne, ba kana danna Skip duk lokacin da ya tambaya ba kamar yadda yawancinmu muke yi don sauri.

Sai shi wanda ya ce ka kai wa mai gyara. Allah ya sani nan ne raina ke ɓaci. Ba dukansu ba, akwai masu amana a cikinsu, amma da yawa maganinsu ɗaya ne tal, ciwon kai ko ciwon ciki: a goge a sake Windows. Za ka miƙa masa kwamfuta, ya tambaye ka yana kallon wayarsa, akwai abu mai muhimmanci a ciki? Ka ce hotunana suna faifan waje. Gaskiya ka faɗa. Amma katalog ɗin fa? Yana C, cikin Users, cikin sunanka, cikin Pictures. Shi bai san menene .lrcat ba, kai ma ba ka yi tunaninsa ba. Kafin ka dawo daga sallar la'asar ya zura filash, ya goge C, ya saka maka sabuwar Windows har da hoton bango mai kyau, yana murmushi yana cewa ai yanzu tana gudu kamar sabuwa. Ka buɗe Lightroom ka tarar da shi wayam, aikin shekaru babu ko ɗigo. Ka yi magana ya ce ai ba ka gaya masa ba, kuma kuɗin aikinsa yana nan sai ka biya. Backups ɗin ma, da yake a foldar Pictures ɗin suke, sun bi katalog ɗin tare. Abin da ya fi ciwo shi ne matsalar da ta kai ka wurinsa tun farko ba ta da alaƙa da Windows ko kaɗan. Ni dai har yau in na wuce irin shagunan nan na ga yaro rungume da laftof yana jiran layi, sai in ji kamar in tsaya in tambaye shi ko ya kwafe Pictures.

Ga duk wanda hakan ta same shi: duba C ko akwai folda mai suna Windows.old. In mai gyaran ya ɗora sabuwar ne ba tare da ya goge faifan ba, tsofaffin kayanka suna ciki, amma Windows na iya share ta da kansa bayan kwana 10, don haka a kwashe da wuri. In ya goge, a daina amfani da kwamfutar nan take, kada a saka komai, a gwada manhajar ceto fayil irin Recuva ko PhotoRec, kuma abin da aka ceto a ajiye shi a wani faifai daban, ba a kan wanda ake ceto daga gare shi ba. PhotoRec yana dawo da fayiloli amma ba da sunayensu na asali ba. A kan SSD kuwa samun abin da aka goge yana da wuya sosai fiye da tsohon faifai mai juyawa.

To mu dawo kanka. Bayan ka gyara yau, alamar tambayar za ta iya dawowa gobe, kada ka firgita. Windows ne ke raba wa faifai harafi bisa wanda ya riga shiga. Yau faifanka E ne, gobe ka fara zura filash ko katin memori, shi ya karɓi E, faifanka ya koma F, Lightroom ya sake ɓata. Maganinsa: dannan dama a kan Start, Disk Management, dannan dama a kan faifan, Change Drive Letter and Paths, ka ba shi harafi na can nesa kamar P ko R wanda ba mai ƙwace masa. Ka yi wannan tun kafin Find Missing Folder ma ya fi, don kada ka yi aiki biyu.

Daga yau in za ka matsar da 'yan hotuna, ja su a cikin Folders na Lightroom, shi zai kwashe su ya gyara rajistarsa. Amma babban kaya irin naka, hoto 2,000 na RAW, wato ɗanyen fayil na kyamara, in kyamarar mai megafiksel 24 ce kowane ɗaya zai kai MB 25 zuwa 30, wato kana maganar GB 50 zuwa 60, ni ban yarda a ja shi haka ba da irin wutarmu. Kwafa ta Windows, ka yi dannan dama a kan foldojin biyu ka duba Properties, yawan fayil da girma su zo daidai, sannan a Lightroom ka yi Update Folder Location a kan tsohuwar ka nuna sabuwar, sai daga baya ka goge ta farkon. Yanka da liƙa ana tsaka da aiki a ɗauke wuta, rabi nan rabi can, shi ne masifa.

Tunda na ambaci wuta: in kwamfutar ta mutu Lightroom na buɗe, wani lokaci yana ƙin tashi, ya ce katalog ɗin yana buɗe a wani wuri. Duba kusa da .lrcat za ka ga ƙaramin fayil mai ƙarewa da .lock. Ka tabbatar Lightroom a rufe yake, ka goge wannan shi kaɗai. Mai ƙarewa da -wal ko -journal kada ka taɓa shi, aikinka na ƙarshe da bai gama shiga katalog ba yana iya kasancewa a ciki. Haka .lrcat-data da sababbin Lightroom ke yi tun 2021, nan yake ajiye bayanan sassan hoto da aka zaɓa don gyara, kamar fuska da sararin sama, duk inda katalog ya je ya bi shi. Mai kwamfutar tebur ya nemi UPS ko ƙarami ne, wanda zai ba shi minti biyar ya rufe aiki.

Abu biyu ka saita yau ɗin nan a Edit, Catalog Settings. Na ɗaya, ajiyar katalog ka mayar da ita duk lokacin da ka rufe Lightroom, ko aƙalla sau ɗaya a mako, kuma in tagar ta fito ka danna Choose ka canza wurin zuwa faifan waje. Ka sani fa katalog kawai take ajiyewa, ba ta kwafe hoto ko ɗaya, mutane da yawa sun ruɗu a nan. Na biyu, a Metadata ka kunna Automatically write changes into XMP. Zai riƙa ajiye ɗan fayil na .xmp kusa da kowane fayil na RAW, CR2 ko NEF ko ARW, mai ɗauke da gyaran da taurari da kalmomin nema, JPEG da DNG kuma a cikinsu yake rubutawa. Ko katalog ya ƙone ƙurmus, ka sake shigo da hotunan gyaran zai biyo su. Ba ya ɗaukar Collections da History da Virtual Copies, amma ya fi babu nesa ba kusa ba. In tsohuwar kwamfuta ce tana ja da baya, bar shi a kashe, in ka gama aiki ka zaɓi duka ka danna Ctrl da S.

Kuma faifan waje guda ɗaya ba ajiya ba ce. Yanzu da ka kwashe daga Desktop, bikin mutane yana wuri ɗaya ke nan, a cikin abin da ke iya faɗowa daga tebur in yaro ya ja waya. Ina fatan ba ka goge katin memorin ba tukuna. In yana nan, cire shi daga kyamara ka ajiye a aljihun jaka sai ka miƙa aiki an biya ka.

Na ga wani a ƙasa yana cewa ka bar Lightroom ka koma wata manhaja. Ba yanzu ba, ana tsakiyar kogi ba a canza doki. Amma don gaba, FastStone Image Viewer da XnView MP suna kallon folda ne kai tsaye, ba ruwansu da wannan alamar tambayar, suna da sauri wajen tace hotuna kafin gyara. digiKam da darktable kyauta ne, sai dai su ma suna da nasu rumbun bayanai, kuma darktable ba zai fito maka da gyaran Lightroom daidai yadda yake ba. Masu riƙe da Picasa har yanzu, Google ya daina kula da ita tun 2016. Masu Lightroom 6 kuma, gyaransa na ƙarshe a 2017 ne, ba ya karanta CR3 na sababbin Canon sai an bi ta Adobe DNG Converter, wanda kyauta ne. Kuma katalog ɗin da sabon Lightroom ya buɗe ya ɗaukaka, tsohon ba ya sake buɗe shi, don haka kada ka ɗauki naka ka kai kwamfutar aboki don gwaji ba tare da kwafi ba.

Ita amarya, kwantar mata da hankali da hoto goma ko ashirin yau da dare. Ka tura ta WhatsApp a matsayin Document, ba ta hanyar hoto ba, don kada ya matse su su dishe ta ce aikinka ne.

In Find Missing Folder ya ƙi, ɗauko hoton allon Folders ɗin a buɗe, da na faifan wajen yadda foldojin suke a Windows, ka saka nan ƙarƙashin wannan amsar, ka faɗi lambar Lightroom ɗinka daga Help, System Info. Zan duba bayan isha'i in sha Allah.